Likita Mila Na Zariya Da Kafuwar Ikilisiyar Hausa

Cikin shekarar 1900 waɗansu Turawa biyar na ƙungiyar mishan ta C.M.S. suka isa birnin Kano, shugabansu kuwa shi ne Bishop Herbert Tugwell. Sarkin Kano Alu bai yi maraba da su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu ya rasu. A cikin waɗanda suka rage akwai wani likita mai shekara 28, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila cikin 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Kafin ya shigo ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus ta Libiya, ya koyi harshen a bakin fatake da alhazai masu yada zango a can. Ya iya Hausa ƙwarai, abin da ko masu adawa da shi ba su musa ba.

Da farko Mila ya ɗauka aikin mai sauƙi ne. A ganinsa, in ya yi wa mutane magani, ya buɗe makaranta, ya kuma sami kunnen sarakuna, jama'a za su biyo baya. Cikin 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya tara yara yana koya musu boko. Amma shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta ba shi goyon baya ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuwa aka yi ta tsama, har ana lissafa ƙarar da Mila ya riƙa kaiwa cikin dalilan da suka sa aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lokoja. Wannan abu ya bar tabo a zukatan mutanen birni.

A nan ne ya ci karo da wata tsohuwar mas'ala ta addinin Kirista, watau matsayin ikilisiya game da ceto. 'Yan Katolika suna koyar da cewa ta hannun ikilisiya ne alherin Allah yake isa ga mutum, ta hanyar baftisma da jibin Ubangiji da sauran ibadu, ra'ayin da ya samo tushe tun zamanin Bishop Cyprian na Kartaj a ƙarni na uku. Su kuwa irin su Mila, ko da yake 'yan Anglika ne, sun fi ƙarfafa cewa ceto yana samuwa ne ta bangaskiyar mutum ga Yesu Almasihu, ikilisiya kuwa taron masu bi ce. Sai dai zaman Zariya ya nuna masa cewa wanda ya sake addini shi kaɗai yakan rasa dangi da gado da matar aure, wani lokaci har da gonar da zai noma. In babu jama'ar da za ta riƙe shi, da wuya ya daɗe.

Jama'ar ta zo masa ta inda bai zata ba. Cikin 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka neme shi. Su Isawa almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da ya riƙa fifita Annabi Isa a cikin wa'azinsa, aka kashe shi a kasuwa zamanin Sarki Abdullahi, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Aka samar musu wuri a Gimi, suka kafa ƙauyensu da gonaki da makaranta da majami'a. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira su ne suka cika makarantar Zariya.

Cikin 1929 aka tashi mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, wadda take tsaye har yau. Abin mamaki, Mila bai bi su ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, cikin 1932 kuwa aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da wannan littafi ne sauran ƙungiyoyin mishan suka yi aiki, har da S.I.M., wadda ta riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga a kan hanyar Katsina zuwa Batsari, ta kuma shiga ƙauyukan Maguzawa na lardin Katsina. Berom da Angas da Bajju, waɗanda ba Hausawa ba, su ma da shi suka riƙa sujada.

Ikilisiyar da ta taso daga Zariya da Wusasa ba ta da yawa, amma ta fitar da mutane. Daga cikinta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara.

Mila ya bar C.M.S. cikin 1935, ya shiga rubuta littattafai yana sukar yadda Turawa ke tafiyar da mulki ta hannun sarakuna. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952, yana da shekara 80.