Al-Khawarizmi: Malamin da ya aza harsashin aljabra

Duk ɗalibin sakandaren da ya taɓa tsayawa a gaban allo yana neman darajar harafin x, to hanyar da wani malamin Bagadaza ya shata kimanin shekara 1,200 da suka wuce yake bi.

Sunan malamin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi. Daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra. Daga sunansa shi kansa kuma aka samo kalmar algoridim, wadda masana kwamfuta ke nufin jerin matakan da na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya domin warware matsala.

Asalinsa

Masana tarihi na ƙiyasta cewa an haife shi ne a wajejen shekarar 780 Miladiyya, ya kuma rasu a wajejen 850.

Laƙabinsa na nuni ga Khawarizm, yankin da ke kudu da tafkin Aral, wanda a yau ya rabu tsakanin ƙasashen Uzbekistan da Turkmenistan.

Ibn al-Nadim, mai sayar da littattafan nan na Bagadaza da ya wallafa al-Fihrist a wajejen 987, ya tabbatar da cewa asalinsa mutumin Khawarizm ne, kuma ya duƙufa da aiki a taskar littattafan Halifa al-Ma'amun, wadda ta shahara da sunan Baitul Hikma.

Al-Ma'amun ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A lokacin Bagadaza ba ta cika shekara ɗari da kafuwa ba, domin a 762 Halifa al-Mansur ya aza tubalinta, amma ta riga ta zama matattarar malamai. Ana ta fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci, sana'ar yin takarda kuma ta iso birnin, abin da ya sa littafi ya yi sauƙin samu.

Littafin aljabra

A zamanin al-Ma'amun ɗin ne ya rubuta al-Kitab al-Mukhtasar fi Hisab al-Jabr wal-Muƙabala. A gabatarwar littafin ya yaba wa halifan bisa ƙarfafa masa gwiwa, sannan ya bayyana cewa ya rubuta shi ne saboda bukatun jama'a na yau da kullum: rabon gado da wasiyya, shari'u, ciniki, awon filaye da haƙa magudanan ruwa.

Kalmomi biyun da ke cikin sunan littafin ayyuka ne guda biyu da ake yi wa mu'adala, wato lissafi mai ɓangare biyu da suka yi daidai da juna kamar hannuwan sikeli.

Asalin ma'anar jabr ita ce ɗorin karaya. Masu karatun fiƙihu sun san kalmar a babin shafa a kan jabira. A lissafi, idan wani ɓangare yana da giɓi, kamar a ce wani adadi da aka cire masa 4 ya zama 6, sai a ɗora masa 4 ɗin, a kuma ƙara wa ɗaya ɓangaren 4, adadin ya fito fili a matsayin 10.

Muƙabala kuwa ita ce gwama ɓangarorin biyu a soke abin da suka yi tarayya a kai. A ƙasar Spaniya, inda Larabci ya daɗe, har an riƙa kiran maɗori da suna aljebrista.

Babu x ko wata alama a cikin littafin. Komai da kalmomi aka rubuta shi, har da lambobin. Abin da ake nema ya kira shi shai'i, wato abu, ko jizr, wato saiwa. Idan aka ninka shi da kansa ya kira shi mal, wato dukiya. Adadin da aka sani kuma sau da yawa dirhami yake ce masa.

Da waɗannan abubuwa uku ya nuna cewa kowace matsala irin wannan, ko ta ɗan kasuwa ce ko ta alƙali, idan aka yi mata jabr da muƙabala za ta koma ɗaya daga cikin siffofi shida, kuma kowace siffa tana da tabbatacciyar hanyar warwarewa.

Wannan shi ne sabon abin da ya kawo. Mutanen Babila sun iya warware matsaloli irin waɗannan fiye da shekara 2,000 kafin shi, amma ɗai-ɗai suke ɗaukarsu. Shi kuwa mu'adalar kanta ya sa a gaba, ya karkasa ta, ya kafa hujja a kan kowace hanya. Daga nan ne aljabra ta zama fanni mai cin gashin kansa.

Misalinsa da ya fi shahara shi ne na dukiya ɗaya da saiwa goma da suka yi daidai da dirhami 39. Ya ce a raba goma biyu a samu 5, a ninka 5 da kanta a samu 25, a haɗa da 39 a samu 64. Saiwar 64 ita ce 8, idan aka cire 5 saura 3, ita ce amsa.

Bai tsaya a nan ba. Ya zana murabba'i, ya jingina masa wasu filaye a gefe, ya nuna cewa 25 ɗin nan kusurwa ce da ta rage a cike domin a samu babban murabba'i mai faɗin 8. Malaman da suka biyo baya, har da Umar Khayyam, sun ci gaba da kawo wannan misali na 39 ƙarni bayan ƙarni.

Ciniki da miƙaƙƙen layi

Mafi sauƙi cikin siffofin shida ita ce wadda saiwoyi suka yi daidai da adadi, misali saiwa huɗu daidai da 20, amsa 5. Da ita ake fara koya wa yara aljabra har gobe.

Akwai kuma wani gajeren babi na ciniki, inda ya nuna cewa kowace hulɗa ta saye da sayarwa ko ƙwadago tana tattare da adadi huɗu, kuma idan aka san uku za a iya fitar da na huɗun. Idan mudu goma na gero ya kama wani kuɗi, kuɗin mudu huɗu ba ɓoyayye ba ne, tunda kowane mudu ɗaya da aka ƙara, kuɗin na ƙaruwa da ƙima iri ɗaya.

Wannan ƙaruwa da ba ta sauya taki ita ce alamar da ɗalibi ke dubawa a yau domin gane dangantakar da ake kira ta miƙaƙƙen layi. Idan aka jera mudu a gefe guda, kuɗi a ɗaya gefen, aka ɗiga kowane ciniki a takarda, ɗige-ɗigen za su jeru a kan layi ɗaya ba tare da lanƙwasa ba. Da zarar dukiya ta shigo, wato an ninka abu da kansa, layin zai lanƙwashe.

Zanen kansa bai zo ba sai bayan kusan shekara 800, lokacin da Bafaranshe Rene Descartes ya haɗa aljabra da ilimin zane a littafinsa na 1637. Alamar f(x) da ake gani a littattafan makaranta kuwa Leonhard Euler ne ya shigo da ita a ƙarni na 18.

Wani abin lura shi ne dalilin da ya sa siffofin suka kai shida. Al-Khawarizmi bai karɓi lambobin da ke ƙasa da sifiri ba, kuma bai ɗauki sifiri a matsayin amsa ba. Saboda haka matsalolin da ɗalibin yau zai rubuta da siga ɗaya, shi sai ya rarraba su gwargwadon ɓangaren da kowane adadi ya faɗa.

Masanin Indiya Brahmagupta ya riga ya tsara ƙa'idojin irin waɗannan lambobi tun a 628, don haka ta wannan fuska al-Khawarizmi na baya. Sai dai ga mutumin da ke awon gona ko raba dukiyar mamaci, tsawon da bai kai sifiri ba zancen banza ne. Tambayar wace lamba ce ta halatta a shigar cikin lissafi, wace ce ba ta halatta ba, na nan a cikin darussan aljabra na yau, inda ake bukatar ɗalibi ya fayyace iyakar lambobin da dangantaka za ta iya karɓa kafin ya fara aiki.

Gado da wasiyya

Kusan rabin littafin a kan wasiyya da gado yake, kuma wannan ɓangare ne Turawan da suka fassara shi zuwa Latin suka bari. Ga wanda ya yi karatun fara'id a zaure, shi ne ɓangaren da zai fi saurin ganewa.

Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce ta mutumin da ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani bare. Ya bar dirhami 10 a hannu, yana kuma bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashin dirhami 10.

Wahalar ita ce abin da za a iya karɓa daga bashin ya dogara ne da rabon ɗan da ake bi, rabon nasa kuma ya dogara da jimillar dukiyar, wadda ita ma ta dogara da abin da aka karɓa. Lissafin ya zama kamar maciji da ya haɗiye wutsiyarsa.

Sai al-Khawarizmi ya kira rabon wannan ɗa da sunan abu. Dukiyar da za a raba ta zama 10 da abu. Tunda mai wasiyya zai ɗauki sulusi, 'ya'yan biyu su raba sulusi biyu, kowa cikin mutum ukun abu ɗaya zai samu. Ke nan 10 da abu daidai yake da abu uku. A soke abu ɗaya a kowane ɓangare, 10 ta zama abu biyu, abu ya zama 5.

Mai wasiyya ya karɓi 5, ɗan da ba a bi bashi ya karɓi 5, shi kuma wanda ake bi a cire masa 5 daga bashin da ke wuyansa.

Matsalolin da suka biyo baya sun fi wannan sarƙaƙiya, musamman na kyauta ko 'yanta bawa a cikin ciwon ajali, kuma a wasunsu yana ambaton ra'ayin Imam Abu Hanifa.

Lambobin Indiya

Littafinsa na biyu da ya yi tasiri shi ne wanda ya koyar da lissafi da alamomi tara da sifiri irin na Indiyawa, inda darajar lamba ke sauyawa gwargwadon gurbinta.

Asalin Larabcin ya ɓace. Abin da ya rage shi ne fassarar Latin ta ƙarni na 12, wadda kwafinta ke ajiye a Jami'ar Cambridge da ke Ingila, aka kuma buga ta a 1857. A cikinta aka murɗe sunansa ya koma Algoritmi ko makamancin haka, har Turawa suka riƙa kiran sabuwar hanyar lissafin da sunan.

Littafin aljabra kuma Robert na Chester ya fassara shi a birnin Segovia na Spaniya a 1145, Gerard na Cremona ma ya yi tasa fassarar a Toledo. Kwafin Larabci da aka rubuta a 1342 na ajiye a Oxford, kuma daga gare shi Frederic Rosen ya fitar da fassarar Ingilishi a 1831.

Hausa ma ta samu rabonta daga wannan taska ta Larabci. Kalmar lissafi daga al-hisab take, sifiri kuma daga sifr.

Taurari da taswira

A wurin mutanen zamaninsa, an fi saninsa da ilimin falaki. Ya tsara jadawalin tafiyar rana da wata da taurari mai suna Zij al-Sindhind, bisa wani littafin Indiya da aka kawo fadar al-Mansur. Maslama al-Majriɗi na Andalus ya yi masa gyara, Adelard na Bath kuma ya mayar da wannan gyararren zuwa Latin a 1126.

Ya kuma rubuta Kitab Surat al-Ard, wanda ya ƙunshi wuraren da birane da duwatsu da tekuna da koguna fiye da 2,400 suke a doron ƙasa. Ya bi tsarin Baɗlaimus na Iskandariyya, amma ya gyara masa kurakurai, ciki har da tsawon tekun Bahar Rum da ya rage da kusan digiri 10.

A cikin wannan littafi akwai sunayen Ghana ta dā da Zaghawa da Kawkaw, wato birnin Gao na ƙasar Mali a yau, kuma yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka ambaci birnin. Kwafi ɗaya tak na littafin ya tsira, yana Strasbourg a Faransa.

Yana da ƙananan rubuce-rubuce a kan na'urar usɗurlab da agogon rana da kalandar Yahudawa, da wani littafin tarihi da ya ɓace.

Ƙarshen rayuwarsa

Malamin tarihi al-Ɗabari ya kawo sunansa a cikin masana taurarin da aka kira lokacin da Halifa al-Wasiƙ ke jinya a 847. Sun duba lissafinsu suka yi wa halifan albishir da ƙarin shekara 50. Bayan kwana goma ya cika.

Labarin na nuna yadda fadar Abbasiyawa ba ta cika bambance ilimin falaki da duba ba, ko da yake malaman addini na lokacin sun yi ta suka a kan na biyun.

Bayan rasuwarsa wani mai suna Abu Barza ya yi iƙirarin cewa kakansa, Ibn Turk, shi ya fara rubutu a kan aljabra. Abu Kamil na Masar, wanda ya faɗaɗa fannin, ya yi watsi da wannan magana, ya tsaya a kan cewa al-Khawarizmi ne na farko. Daga littafin Abu Kamil ɗin ne Leonardo Fibonacci na Italiya, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya, ya ɗebi matsaloli da dama a rubuce-rubucensa na ƙarni na 13.

A 1979 masana kwamfuta da lissafi daga ƙasashe daban-daban sun yi taro a birnin Urgench na yankin Khawarizm domin girmama shi. A 1983 kuma Tarayyar Sobiyet ta fitar da kan sarki na cikarsa shekara 1,200 da haihuwa. Fuskar mai rawani da ke jikin kan sarkin, wadda ta bazu a littattafai da intanet, ƙirƙirar mai zane ce.

Akwai kuma wani rami a bayan duniyar wata da aka sanya wa sunansa.