Gregor Mendel: Ɗan manomin da ya gano yadda gado ke gudana a jini

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwar wani yaro ɗan shekara tara a danginmu, wanda ciwon sikila ya yi ajalinsa. A wajen zaman makoki na ji wasu dattawa suna ɗora laifin a kan mahaifiyarsa, wai daga gidansu aka kawo cutar, alhali shi uban bai taɓa zuwa gwajin jini ba. Tun daga ranar nake tunanin wani bawan Allah da ya rasu shekara 140 da wani abu da suka wuce, wanda bai taɓa jin sunan sikila ba, amma aikinsa ne ya wanke wannan baiwar Allah daga zargi. Sunansa Gregor Mendel.

An haife shi a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf, a daular Ostiriya ta wancan zamani, yankin da yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Iyayensa talakawan manoma ne, kuma sunan da suka raɗa masa Johann. Yaron yana da kaifin basira, amma talauci ya so ya raba shi da makaranta, musamman bayan da itace ya faɗo wa mahaifinsa ya nakasa shi. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba da kason dukiyar da aka tanadar mata don aurenta domin ya ci gaba da karatu. Bai manta wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, har biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan 'yan zuhudun Kirista na birnin Brno, inda aka ba shi suna Gregor. Gidan ya shahara da son ilimi, kuma shugabansa, Cyrill Napp, mutum ne mai sha'awar sanin yadda dabbobi da tsirrai ke gadon siffofin iyayensu. Abin mamaki, wannan mutum da duniya ke kira uban ilimin gado, sau biyu yana faɗuwa jarrabawar samun takardar shaidar malanta, a 1850 da kuma 1856. Tsakanin faɗuwar farko da ta biyu aka tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya karanci kimiyyar fiziya a wajen Christian Doppler da ilimin tsirrai a wajen Franz Unger. Can ya koyi abin da masana tsirrai na zamaninsa ba su damu da shi ba, wato ƙidaya da lissafi.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a wani ɗan lambu na gidan zuhudun yana shuka waken Turawa, kimanin tushe 28,000. Ya zaɓi siffofi bakwai da ido ke iya bambancewa, kamar tsawo da gajarta, launin fure, launin ƙwaya, da kuma ko ƙwayar sumul take ko mai tamoji. Da hannunsa yake ɗebo garin furen wannan ya sa wa wancan, ya rufe don kada ƙwari su ɓata masa aiki, ya jira kaka, ya ƙirga.

Ga abin da ya gani. Idan ya haɗa mai ƙwaya sumul da mai tamoji, 'ya'yan farko duk sumul suke fitowa, kamar tamojin ya ɓace. Amma da ya bar waɗannan 'ya'yan suka hayayyafa, sai tamojin ya dawo a jikoki. Cikin ƙwaya 7,324 da ya ƙirga, 5,474 sumul ne, 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Haka ya samu a duk siffofin bakwai. Daga nan ya fahimci cewa kowace siffa tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata tana rinjaye, wata tana laɓewa, kuma mai laɓewar ba ta bayyana sai ta zo daga ɓangarorin biyu. A lokacin, galibin masana sun ɗauka cewa gado cakuɗuwa yake yi kamar madara da ruwa.

Ya gabatar da sakamakon a gaban ƙungiyar masana halitta ta Brno a watannin Fabrairu da Maris na 1865, aka buga shi a 1866. Duniya ta yi shiru. Babban masanin tsirrai Carl Nägeli, wanda Mendel ya riƙa rubuta wa wasiƙu, bai gane darajar aikin ba, ya ƙarfafa masa gwiwar gwada wata ciyawa daban wadda, kamar yadda aka gano daga baya, tana yin iri ba tare da barbara ba, don haka lissafin ya ƙi fita. A 1868 aka naɗa Mendel shugaban gidan zuhudun, harkokin mulki da doguwar jayayya da gwamnati kan harajin da ta ɗora wa gidajen ibada suka cinye sauran ƙarfinsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1884 sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 61, aka kuma ƙone yawancin takardunsa. Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries na Holan, Carl Correns na Jamus da Erich von Tschermak na Ostiriya, suka tono aikinsa. Mai haƙuri ya dafa dutse, amma wasu suka sha romon.

To, mai karatu, ina alaƙar wake da yaron da muka binne? A 1949 likitan Amurka James Neel ya tabbatar da cewa sikila tana bin wannan ƙa'ida. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau, domin ƙwayar S a laɓe take. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai uba ma ya ba da nasa kason. Kuma kada a ruɗe da lissafin: ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Mendel sai da ya ƙirga dubbai kafin uku bisa ɗaya ta daidaita. A gida guda ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar S, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Sai dai ilimi wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mutum. Bayan mutuwar Mendel, wasu sun fake da sunan gado suka yi ta'asa. A Jamus, dokar da gwamnatin Nazi ta kafa a 1933 ta sa an dandaƙe mutane kimanin 400,000 bisa zargin suna da gurɓataccen jini. A Tarayyar Sobiyet kuwa akasin haka aka yi: a 1948 aka haramta koyar da ilimin Mendel, bayan babban masaninsu Nikolai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943, kuma noman ƙasar ya ɗanɗana kuɗarsa. Masu wulaƙanta mutane da sunan ilimi da masu toshe kunne daga ilimi, duk sun jawo hasara.

Mu ma muna tsakanin waɗannan ramuka biyu. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma ina ganin mataki ne mai kyau. Amma gwajin da ake yi saura mako guda a ɗaura aure, bayan an kai lefe zukata sun shaƙu, shi ke tura mutane neman takardar bogi. Kamata ya yi kowane yaro ya san jininsa tun yana makaranta, a kuma tabbatar da ingancin ɗakunan gwaji. Haka nan mai AS ba mara lafiya ba ne, mai SS kuma ba abin ƙyama ba ne. Haƙƙinsa ne a ba shi magani da aiki da mutunci. Sanin sababi ba ya kore ƙaddara, kamar yadda ɗaure raƙumi ba ya kore tawakkali.

Mu da muka yi boko, mu ake tambaya a gidajenmu idan magana irin wannan ta taso. Ranar makokin nan na yi shiru don kunyar manya, kuma har yau ina jin nauyin shirun. Na ƙudurta cewa zan koma in zauna da mahaifin yaron, in zana masa lissafin waken Mendel a takarda, in roƙe shi ya je a gwada shi, ya kuma kai sauran yaran. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba masu fama da wannan ciwo sauƙi, ya sa mu yi aiki da abin da muka sani.