Tom Simpson, Zakaran Tseren Keke Da Ya Mutu Bisa Sirdi

A ƙasashen Turai tseren keke sana'a ce sosai, wadda mutum kan ci abinci da ita, ya yi aure, ya gina gida. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a akwai wani mutumin Ingila ana ce da shi Tom Simpson. Ya ci tsere da yawa, amma abin da aka fi tuna shi da shi shi ne yadda ya mutu, domin mutuwarsa tana cikin abubuwan da suka sa hukumomin wasanni suka tashi tsaye wajen hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

An haife shi ran 30 ga Nuwamba, 1937, a ƙauyen Haswell da ke arewacin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida, ubansa kuwa ma'aikacin haƙar kwal ne. Daga baya suka ƙaura zuwa Harworth, inda ya shiga kulob ɗin masu keke tun yana yaro. Da ya fara koyon aiki a garin Retford, kullum da keke yake zuwa ya komo. Yana da shekara 19 aka kai shi wasannin Olamfik na 1956 a Melbourne, ƙasar Ostareliya, shi da 'yan'uwansa suka zo na uku.

To, a wancan zamani tseren keke ba ya ciyar da mutum a Ingila. Duk mai son ya ci abinci da shi sai ya ƙetare teku. Saboda haka a 1959 Simpson ya ɗauki kekunansa da 'yan kuɗin da ya tara, wajen fam 100, ya tafi neman na kai a Faransa, ba ya ma jin harshensu sosai. Ya sauka a garin Saint-Brieuc, daga baya ya yi aure ya koma da zama Ghent a ƙasar Beljiyam.

Baƙunta ta karɓe shi. A 1961 ya ci babban tseren Flanders. A 1962 ya zama ɗan Ingila na farko da ya sa rigar nan rawaya ta mai jagaba a tseren zagaya Faransa, watau Tour de France, ko da yake kwana ɗaya ya yi da ita. Ya shiga ƙungiyar kamfanin Peugeot, masu motar nan da muka sani, ya ci tseren Milan zuwa San Remo a 1964. A 1965 kuwa ya zama zakaran duniya a ƙasar Sifen.

Amma sana'ar tana da mugun sirri. Tseren zagaya Faransa na 1967 ya kusa mil 3,000 cikin mako uku, kamar mutum ya tashi daga Ikko zuwa Kano ya komo, ya sake zuwa ya komo. Don su jure wannan wahala, da yawa cikin 'yan tseren sukan sha ƙwaya mai suna amfetamin, irin wadda wasu direbobin dogon zango kan sha don kada barci ya kama su.  Abin da take yi shi ne ta ɓoye wa mutum gajiyarsa, ta hanzarta bugun zuciya, ta ƙara zafin jiki. Faransa da Beljiyam sun yi dokar hana ta a wasanni tun 1965, amma da aka fara awon fitsari a tseren 1966, sai 'yan tseren suka sauka suka riƙa tura kekunansu a ƙasa don nuna fushinsu.

A 1967 Simpson yana da shekara 29, ga mata da 'ya'ya mata biyu, ya kuma san kwanakin samunsa sun fara ƙurewa. Kuɗin da za a biya shi nan gaba ya dogara ga matsayin da zai samu a wannan tsere. Ana tsakiyar tafiya sai ciwon ciki da gudawa suka kama shi, har ba ya iya cin abinci, ya koma na bakwai. An ba shi shawara ya haƙura ya janye, ya ƙi.

Ran 13 ga Yuli aka tashi daga Marseille za a Carpentras, wajen mil 130, ta kan dutsen Ventoux. Tsawon dutsen ya wuce ƙafa 6,000, can samansa kuwa ba itace ba inuwa, sai fararen duwatsu masu mayar da zafin rana. Ranar an yi zafi mai tsanani, ga shi dokar tseren ta ƙayyade ruwan da za a ba kowa. A gindin dutsen Simpson ya kurɓi barasa. Da ya kusa ƙololuwa sai aka ga keken yana tangaɗi, ya faɗi. Makanikinsa ya so ya tsayar da shi, ya nace sai an mai da shi bisa sirdi. Ya ƙara tafiya kamar yadi 500, ya sake faɗuwa, hannuwansa a ƙanƙame da kan keken. Likitan tseren, Pierre Dumas, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin Avignon, amma rai ya riga ya yi halinsa.

An sami kwalaben ƙwaya a aljihun rigarsa. Da likitoci suka binciki gawar sai suka sami amfetamin da barasa a jikinsa. Zuciyarsa ce ta tsaya saboda tsananin gajiya da zafi. Hausawa sun ce jiki magayi, to ƙwayar ce ta toshe bakin magayin, ya yi ta tafiya har ya wuce inda mai lafiya zai tsaya da kansa.

An binne shi a Harworth, dubban mutane suka halarta. A 1967 ɗin nan Kwamitin Olamfik ya fitar da jerin magungunan da aka hana, aka kuma fara awon 'yan wasa a Olamfik na 1968 a Grenoble da Meziko. Daga baya aka haramta wasu dabaru kamar ƙarin jini, sa'an nan a 1999 aka kafa hukumar duniya ta WADA, wadda ke sabunta jerin kowace shekara. Amfetamin tana ciki har yanzu.

A inda ya faɗi an kafa dutsen tunawa. Masu keke in sun iso wurin sukan tsaya su ajiye hula ko gorar ruwa, sa'an nan su wuce.