Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Ya San Taurari, Ya Ƙi Duba

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yau, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne yaƙi da sarauta. Ba kasafai ake tuna cewa wannan bawan Allah da ke kwance a Wurno ya san sunayen burujai da taurari, ya karanta ilimin lissafi, kuma duk da haka ya ɗauki alƙalami ya gargaɗi jama'a su nisanci masu yi wa mutane duba da taurari ba. A ganina wannan rarrabewa da ya yi tsakanin hisabi da duba tana cikin manyan abubuwan da ya bar mana, kuma ita ce muka fi sakaci da ita.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da matarsa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Ɗegel, a gidan da karatu ya zama sana'ar maza da mata, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi. Yana ɗan shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekarar. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, shi kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya raba tafiyar da mulki, gabas ta faɗo hannun Bello, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe babu mai rubuta tarihin jihadi ba tare da ya koma masa ba. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe sarauta shekara 20 cikin tawaye da hare-hare, tun daga na Abdussalami a Kware har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836.

Wannan tarihi sananne ne, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne irin ilimin sararin sama da Bello ya tarar a ƙasar Hausa, domin sai an san wannan za a gane matsayin da ya ɗauka.

Manomi ba ya iya shuka da lissafin watan Musulunci kaɗai. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi kan zagaya bazara da damina da ɗari, ya dawo inda ya faro bayan shekara 33 ko kusa da haka. Saboda haka malamanmu suka riƙe wani lissafi na biyu mai bin rana. Sun kasa shekara zuwa masaukai 28 da ake kira manazil, kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha da ake ba kwana 14, jimla 365. Kowane lokaci daga cikin huɗun nan, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai. Taurarin damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Da su ne dattijo ke gane ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara, da kuma lokacin da gero ya kamata a ce ya yi bununi. Talaka da bai je makaranta ba shi ma yana da nasa sunaye: Surayya ita ce Kaza Mai 'Ya'ya, tauraron asuba Gamzaki, sannan ga Zara matar wata.

Sunayen kansu tarihi ne. Ɗarfa daga Larabci take, harshen Hausa ya mayar da baƙin farkonta "ɗ" kamar yadda ya yi a kalmar ɗalibi da ɗahara. Watannin Ajami da malaman hisabi ke ƙirgawa, irin su Yanayir da Fabrayir da Maris, asalinsu na Rumawa ne, sun ratso Arewacin Afirka da Sahara suka iso mana a bakin malamai da fatake. Ashe Yanayir da Janairu uwa ɗaya ta haife su, ɗaya ta biyo raƙumi, ɗaya ta biyo jirgin ruwa bayan ɗaruruwan shekaru.

Amma tare da wannan hisabi mai amfani akwai wani ilimin da ya shigo ta hanya ɗaya, wato na masu cewa tauraro yana da tasiri a kan arzikin mutum da aurensa da ajalinsa. Wannan ma ba ƙananan malamai kaɗai suka yi shi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, ya shahara har a Masar saboda littafinsa Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, da kuma aikinsa a kan hatimai, wanda masana lissafi ke yabawa har yau. A fadojin sarakunan Hausa kuwa, mai duba na da gurbinsa, shi ke zaɓen ranar fita yaƙi da ranar tafiya. Bello ya tashi ya tarar da ilimin biyu a cakuɗe, sau da yawa a hannun mutum ɗaya.

Shaida mafi bayyana a kan sanin da Bello ya yi wa taurari ta fito ne daga baƙo. A watan Maris na 1824 Kyaftin Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila wanda mutanenmu suka laƙaba wa Abdullahi, ya iso Sakkwato daga Borno ta Kano. A labarin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826 ya bayyana cewa ya shimfiɗa wa Sarkin Musulmi taswirar sararin sama, sai ya tarar ya san dukkan burujai goma sha biyu, ya san wasu rukunan taurari, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Ya nuna masa na'urar da matuƙan jirgin ruwa ke auna tsayin rana da ita, Bello ya tsaya ya bi yadda take aiki. Kafin baƙon ya tafi aka zana masa taswirar ƙasar da Kogin Kwara, aka kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, inda Bello ya nemi a aiko masa da jakada da likita.

Da Clapperton ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da littafin Iƙlidisu na ilimin awo. Ya rubuta cewa Bello ya yi murna da wannan littafi ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa gidansu na da kwafinsa da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Wannan ziyara ta biyu ba ta yi daɗi ba, domin ana yaƙi da Borno, kuma Bello ya hana a wuce da saƙon da aka aiko wa Shehu Alkanemi. Clapperton ya kwanta ciwo ya mutu a nan ƙasar Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Duk da ɓacin ran da ke tsakaninsu, bai janye shaidar da ya bayar a kan ilimin mai masaukinsa ba.

Yana da kyau mai karatu ya san ƙasar da wannan baƙo ya fito, don kada a ɗauka cakuɗa hisabi da duba ciwon baƙar fata ne. A Ingila ta ƙarni na 17 kusan babu littafin da ya kai littafin kalandar shekara, wanda suke kira almanak, shiga gidaje. Tun 1603 sarki ya keɓe wa ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan ikon buga shi, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa a shekarun 1660 ana sayar da kimanin kwafi 400,000 a shekara. A cikinsa akwai tsayuwar wata da husufi da ranakun kasuwanni da lokacin shuka, a gefe guda kuma ga ranar da ta dace a yi ƙaho, da hasashen yaƙi da annoba da mutuwar manya. William Lilly, wanda ya fara fitar da nasa a 1644, ya yi suna har majalisar dokoki ta kira shi ta yi masa tambayoyi bayan gobarar Landan ta 1666, saboda an ce ya hango ta. A 1708 marubuci Jonathan Swift ya yi wa wani mai duba John Partridge ba'a, ya buga hasashen ranar mutuwarsa, da ranar ta zo ya sanar cewa ya mutu, mutumin yana raye yana ta musu. Sai a 1767 aka fara fitar da kalandar matuƙan jirgin ruwa a ƙarƙashin Nevil Maskelyne, wadda babu komai cikinta sai jadawalin tafiyar rana da wata da taurari. Irin wannan jadawali ne ke ba na'urar da Clapperton ya nuna a Sakkwato amfani. Ingilishi sun ɗauki fiye da ƙarni guda suna tace tsaba daga tsakuwa, kuma littattafan duba ba su daina fita a can ba har bayan haka.

Bello ya yi tasa tacewar da hujjar addini. Cikin littattafansa da suka haura ɗari akwai wanda ya sa wa suna Tanbihu Ahlil Fuhum, wanda manufarsa tana cikin cikakken sunansa: wajibcin nisantar masu rufa-ido da masu duban taurari. Ya tsaya ne a kan rabon da malaman Musulunci suka daɗe da yi. Sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokacin salla da shigar damina da hanyar matafiyi abu ne halal, har ana buƙatarsa. Da'awar sanin gaibu ta hanyarsu kuwa ɓata ce. Abin lura shi ne wanda ya yi wannan hani masanin fannin ne. Da wanda bai san Surayya daga Dabaran ba ne ya hana, da sai a ce jahilci ne ya sa.

Sauran rubuce-rubucensa sun tafi a kan wannan turba ta neman sababi a inda yake. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko a magani. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin ƙarfafa manoma da masu sana'a da gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi. A wajensa mai ciwo magani zai nema, mai son amfanin gona kuma ya san ƙasarsa da lokacinsa ya yi aiki, sannan ya dogara ga Allah.

A shekarunsa na ƙarshe ya tare a Wurno, ribaɗin da ya gina a kwarin Rima don tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa. Ya zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa, ya ƙarfafa noma a fadamu. A nan Allah Ya karɓi ransa a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, a nan kuma aka binne shi. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi, daga baya ɗansa Aliyu Babba ya zauna a Wurno, inda Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka a 1853. Daga zuriyarsa ta Rabah ne aka sami Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello.

To, ina muka kwana? Kwarin da Bello ya raya shi ne yau ke shan ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, shi ne kuma ambaliyar 2010 ta cinye wa ƙauyuka da gonaki. Babu inda sanin lokacin ruwa ya fi zama batun ci ko rashi kamar nan. Amma mu da muka yi boko, kaɗan ne cikinmu za su iya jera taurarin damina bakwai, kuma hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa ke fitarwa kowace shekara ba ma ɗaukar nauyin kai shi ga manomi da harshen da yake ƙirga kwanakinsa. A ɗaya gefen kuma, da zarar zaɓe ya gabato ko an buɗe neman muƙami, motocin masu digiri ne ke layi a ƙofar mai duba. Mun yar da abin da Bello ya riƙe, mun ɗauki abin da ya yar.

Ba ana cewa hisabin da ya wuce gyara ba ne. Watannin Ajami na bin tsohon lissafin Rumawa, wanda ke zamewa da kwana ɗaya a kowace shekara 128. Ingila ta bar shi a 1752, ta tsallake kwana 11 a watan Satumba, yau kuma tazararsa da kalandar da ke bangon ofisoshinmu ta kai kwana 13. Damina kanta ba ta zuwa yadda kakanni suka saba. Wannan ne ma ya sa aikin ya zama namu. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a Kaduna akwai Gidan Arewa, kuma a cikinsu akwai rubuce-rubucen magabata da ke jiran mai karantawa. Ya kamata masana harshe da na yanayi da na aikin gona su zauna da dattawan Wurno da Rabah da Goronyo tun suna raye, a rubuta abin da suke cewa game da kowane tauraro, a gwada shi da ƙididdigar ruwan sama ta shekaru, a riƙe wanda ya tabbata, a fitar da kalandar manoma da Hausa mai ɗauke da kwanan Hijira da na Miladiyya da na tauraro a shafi ɗaya. A kuma fassara littafin Bello a kan masu duba, a sa shi a hannun matasa.

Sarkin da yaƙi bai bar shi ya huta ba ya sami lokacin koyon sunayen taurari da yin baƙin cikin ƙonewar littafin lissafi. Mu da muke da albashi da ɗakunan karatu ba mu da hanzari. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya ba mu ikon ɗaukar aikin daga inda ya tsaya.