Richard Baxter da Iyalan Kidderminster

A cikin Kubawar Shari'a 31:12-13 Musa ya umarta a tara jama'a duka domin su ji shari'ar Ubangiji, maza da mata da ƙanana, har da baƙon da ke zaune cikin gari. Joshuwa kuma ya aikata haka, kamar yadda mu ke gani cikin Joshuwa 8:35. Ga labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila wanda ya ɗauki wannan umarni da nauyi. Ya kamata iyaye da dattawan ikilisiya su lura da shi, gama shi ma ya sha fama da tambayar da ke damunmu, wato ina amfanin zaman yaro cikin sujadar manya tun da ba ya gane yawancin abin da a ke faɗi.

An haifi Richard Baxter ran 12 ga Nuwamba, 1615, a wani ƙauye mai suna Rowton. Ubansa ya taɓa lalacewa da caca har bashi ya hau shi, amma ta wurin karatun Littafi Mai Tsarki shi kaɗai Allah ya juyo da zuciyarsa. Masujadar ƙauyen da yaron ya girma ba ta da wani abin kirki da za ta ba shi. Mai jagorar sujada tsoho ne, shekarunsa wajen 80, idanunsa sun dushe. Addu'o'i ya kan faɗe su da ka, karatun Littafi kuwa sai a ɗauko wani ɗan ƙodago ko maɗinki ya yi. Wa'azi babu. Da an tashi sujada ran Lahadi, sai mutanen ƙauye su taru gindin wani babban itace kusa da ƙofar gidansu Baxter, mai sarewa yana busa, ana kiɗa ana rawa har duhu. Uban kuwa yana ciki da iyalinsa yana karanta musu Littafi, da ƙyar su ke jin muryarsa saboda hayaniya. Sau da dama zuciyar yaron ta so rawan nan. Amma da ya ji masu rawa suna yi wa ubansa ba'a saboda karatun Littafi, sai ransa ya fita daga sha'aninsu. Uban nan ne ya fara sa shi karanta labarun da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya kuwa ƙaunace su.

Baxter bai shiga jami'a ba. Ya yi karatu mai yawa don kansa, ga shi kuwa marar lafiya tun yana saurayi, tari da haɓo ba su rabu da shi ba. Aka keɓe shi ga aikin Ubangiji a 1638. A 1641 mutanen Kidderminster suka kira shi ya zama mai wa'azinsu, gama mai kula da ikilisiyarsu sau ɗaya kaɗai ya kan yi wa'azi cikin wata uku. Bai daɗe ba yaƙin basasa ya tashi a Ingila a 1642, ya bar garin, daga baya ya yi wa sojoji hidimar Maganar Allah. Ya komo a 1647, ya zauna har 1660.

Kidderminster garin masaƙa ne, iyalansa sun ɗara 800. Masaƙi ya kan iya buɗe littafi gabansa yana saƙa yana karatu, Baxter kuwa ya lura da wannan, ya riƙa raba musu littattafai. Waɗanda suka fara tuba a hannunsa yawancinsu samari ne da 'yan mata. Ta wurinsu Allah ya jawo iyaye da kakanni waɗanda dā su ke ƙin maganar. Jama'a ta yi ta ƙaruwa har sai da aka ƙara benaye biyar na zama a cikin masujada.

Mai karatu ya tuna, a zamanin nan babu makarantar Lahadi. Sai a 1780 Robert Raikes ya fara tasa a Gloucester, shi ma ya kan kai 'yan makarantarsa sujada. Saboda haka yaran Kidderminster wa'azi ɗaya su ke ji da iyayensu, Zabura ɗaya su ke rairawa. Wa'azin Baxter kuwa ba gajere ba ne, kuma ba shakka akwai yaran da suka yi gyangyaɗi.

Baxter ya gane cewa manya ma ba duka su ke ganewa ba. Ya iske waɗansu da suka shekara takwas ko goma suna sauraronsa, amma ba su iya faɗi ko Almasihu Allah ne ko mutum ba. Ya ga kuma rabin sa'a ta magana da mutum fuska da fuska wani lokaci ta kan fi wa'azin shekaru aiki a zuciyarsa. Sai ya ɗauki wata hanya mai wuya. Ya raba wa kowane gida littafin tambayoyi da amsoshi na bangaskiya. Kowace Litinin da Talata, tun safe har wajen dare, shi da mataimakinsa suna ganin iyali 15 ko 16 a mako, domin su gama garin duka cikin shekara. A kan aiko wa kowane gida tun da wuri a gaya musu ranarsu da sa'arsu. Maigida ya zo da matarsa da 'ya'yansa da barorinsa, su sami sa'a guda. Da fari ya ji haddarsu, sa'an nan ya tambaye su ma'anar abin da suka haddace, daga bisani ya yi musu gargaɗi a kan rayukansu. Kadan ya ga kunya ko rashin sani ya ɗaure bakin wani, ba ya matsa masa, sai ya koya masa a hankali. Ba ya barin wani na waje ya zauna wurin, domin kada dattijo ya ji kunya gaban maƙwabcinsa.

Babban nauyin kuwa ya ɗora shi a kan masu gida. Cikin littafin da ya rubuta wa 'yan'uwansa makiyayan ikilisiya a 1656, ya roƙe su su sa kowane maigida ya tara 'ya'yansa da barorinsa ran Lahadi da maraice, ya tambaye su abin da suka ji a masujada. Ran Alhamis da dare mutane su kan taru gidansa, wani ya maimaita wa'azi, mai tambaya ya yi tambaya. Ran Asabar da dare samari su kan taru su maimaita wa'azin Lahadin da ta wuce, su yi addu'a domin ta gobe. Ta haka yaro ya kan shiga sujada da sanin cewa za a tambaye shi da maraice, uba kuma ba shi da damar barci, gama shi ne mai tambayar. A ganinmu a nan ne hikimar Baxter ta ke. Mu kan yi gardama ko a bar yara cikin sujada ko a fitar da su lokacin wa'azi, amma ba safai mu ke tambaya wa zai zauna da su bayan an tashi ba.

Baxter ya ba da labari cewa da ya zo garin, da ƙyar a sami gida ɗaya a kowace hanya inda a ke sujada ga Allah. Kafin ya tashi, akwai hanyoyin da da wuya a sami gidan da ba a yi. Mai wucewa ran Lahadi ya kan ji iyali wajen 100 suna raira Zabura suna maimaita wa'azi.

Yana da nasa laifi. Mutum ne mai son gardama, alƙalaminsa da kaifi, ya kuwa ɓata wa abokai da yawa rai. Ran 1 ga Janairu, 1650, ya yini yana muhawara da John Tombes a Bewdley a kan baftismar jarirai, shi yana goyon bayanta, Tombes yana ƙi. Ikilisiyoyinmu ma ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, ba kuwa za mu yanke ta a nan ba. Mai bin Tombes da mai bin Baxter duka suna karanta Markus 10:13-16, duka kuma suna iya ɗaukar hanyar nan ta Litinin da Talata.

Da aka komo da sarki kan gadon sarauta a 1660, aka yi wa Baxter tayin zama bishop na Hereford, ya ƙi. Ya roƙa a bar shi ya koma Kidderminster ko ba albashi, aka hana. A 1662 wata doka ta fitar da masu wa'azi wajen 2,000 daga Ikilisiyar Ingila, har da shi. A 1664 wata dokar ta hana taron sujada na mutum biyar ko fiye, banda mutanen gida, in ba bisa tsarin ikilisiyar gwamnati ba. Sujadar iyali ce dokar ba ta taɓa ba, mutanen Kidderminster kuwa sun riga sun iya ta.

A 1662 ɗin nan ya auri Margaret Charlton, wadda ta tuba ta wurin wa'azinsa. Allah bai ba su haihuwa ba, ta kuwa rasu a 1681. Mutumin nan marar ɗa ya ci gaba da rubuta wa iyaye littattafai: ɗaya domin gidan talaka a 1674, ɗaya kuma a kan koyar da iyali a 1683. A 1685, yana kusa da shekara 70, alƙali Jeffreys ya ci mutuncinsa a gaban shari'a saboda bayanin da ya rubuta a kan Sabon Alkawari, aka kulle shi wajen shekara ɗaya da rabi. Ya rasu a Landan ran 8 ga Disamba, 1691.

A 1743 mai bishara George Whitefield ya ratsa ta Kidderminster, shekara 83 bayan tashin Baxter. Waɗanda suka zauna gabansa suna yara ran Litinin da Talata kusan duk sun mutu. Whitefield ya rubuta cewa ya iske koyarwar Baxter da horonsa suna nan a garin tukuna, ransa kuwa ya wartsake ƙwarai.