Soichiro Honda: Yaron garejin da ringin fistin ya mayar da shi makaranta

Idan tsohon babur ya ƙi tashi a Farfaru da ke yankin Jibiya a Jihar Katsina, mai shi ne ya san zafin abin. Zai yi ta buga kiki har gumi ya jiƙa shi, fasinja ya sauka ya hau wani, kuɗin cefanen ranar ya tafi. Daga ƙarshe sai a tura shi wajen bakanike.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya gaggawar kwance inji. Yakan fara duba ko mai na sauka daga tanki zuwa kafireta, domin man kwalba na bakin hanya kan zo da ruwa ko datti. Sai ya cire fulogi ya jingina shi da jikin inji, ya buga kiki ya ga ko akwai wuta. Daga nan ya duba soson da ke tace iska, wanda ƙurar hunturu ke toshewa. Idan duk waɗannan lafiya lau suke, amma kiki ya yi sako-sako ba ya turjewa a ƙafa, to zargi ya koma kan bawul ko ringin fistin, wato injin ya daina matse iska.

Wannan ɗan ƙarfen mai kama da awarwaro shi ne ya sauya rayuwar Soichiro Honda, mutumin da kamfaninsa ya fi kowane yawan ƙera babura a duniya.

Ɗan maƙeri

An haifi Honda ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a wani ƙauye mai suna Komyo, kusa da birnin Hamamatsu a Japan. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne da ke gyaran kekuna, mahaifiyarsa Mika kuma masaƙiya ce. A maƙerar ya tashi yana taya uban aiki, boko kuwa bai dame shi ba.

A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokyo koyon aiki a wani gareji mai suna Art Shokai. Watannin farko ko sifana ba a bar shi ya riƙe ba, renon jaririn maigidansa Yuzo Sakakibara aka ba shi, tare da shara da aike. Duk wanda ya yi zaman yaron gareji a Katsina ko Maraɗi ya san irin wannan farawa.

Girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923 ce ta buɗe masa ƙofa. Yawancin yaran garejin sun koma garuruwansu, shi ya zauna, aiki kuma ya yi yawa. Bayan shekara shida maigidan ya yaye shi, ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu a 1928. Ya yi suna wajen tayar da motocin da wasu suka haƙura da su. Ya kuma shiga tseren mota, har ya ji mummunan rauni a wani haɗari a 1936.

Uku cikin 50

Gyara bai ishe shi ba, yana so ya ƙera da kansa. Sai ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin ringin fistin, yana ganin abu ne ƙarami da ba zai gagari ɗan maƙeri ba. Ringin shi ke toshe tsakanin fistin da bangon inji don kada iska da mai su zurare. Dole ya yi tauri, ya kuma yi danƙo, ya jure zafi da gugar da ba ta tsayawa.

Nasa ba su yi ba. Cikin 50 da kamfanin Toyota ya gwada, uku kacal suka tsallake. Ya yi watanni yana kwana a masana'anta yana narka ƙarfe, bai gano inda gizo ke saƙar ba. Sai da ya kai wa malaman makarantar fasaha ta Hamamatsu, aka auna ƙarfen, aka gano sinadarin silikon ne ya yi masa ƙaranci.

Magidanci mai shekara kusan 30, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya koma aji ya zauna da samari. Darasin ƙarfe yake halarta, jarrabawa kuwa ba ya zama, don haka bai samu takardar shaida ba. Ya kuma zaga masana'antu a sassan Japan yana kallon yadda ake zuba ƙarfe. Daga baya ringinsa ya karɓu, Toyota ya zama babban mai saye.

Keke mai inji

Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa abin da ya gina. Jiragen Amurka sun jefa bam a masana'antarsa guda a 1944, girgizar ƙasa ta rushe wata a 1945. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000.

A Oktoban 1946 ya buɗe ƙaramin wurin aiki a Hamamatsu. Ƙasar na cikin yunwa, jiragen ƙasa a cunkushe, mutane na tuƙa keke zuwa ƙauyuka neman abinci. Honda ya samo ƙananan injuna kusan 500 da sojoji suka bari, waɗanda a da ke ba rediyonsu wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Jama'a suka raɗa wa abin suna Batabata saboda ƙararsa.

Matarsa Sachi na cikin waɗanda suka fara gwada shi. Ta dawo mai ya ɓata mata wando, saboda kafireta na feso shi waje. Honda ya koma kan kafiretar ya gyara.

Da injunan sojoji suka ƙare, ya ƙera nasa a 1947. Ranar 24 ga Satumba, 1948, aka kafa kamfanin Honda Motor. A 1949 ya fito da cikakken babur na farko mai suna Dream, a shekarar kuma ya haɗu da Takeo Fujisawa, wanda ya karɓi harkar kuɗi da kasuwa ya bar masa inji.

A 1954 kamfanin ya kusa durƙushewa. Sababbin samfura sun ƙi karɓuwa, masu sayen Dream 4E na ta koke kan injinsa, kaya suka taru ba ciniki. Fujisawa ya fuskanci banki da masu bin bashi, Honda ya duƙufa kan injin har aka gano kafireta ce ba ta dace da shi ba.

Babur na talaka

A Agustan 1958 aka fito da Super Cub, uban duk baburan da ake kira roba-roba. Injinsa ƙarami ne, ba ya shan mai, ba sai an haɗa fetur da baƙin mai a tanki ba, kuma ba shi da hannun kuloci, don mai kai abinci ya iya tuƙi da hannu guda. Zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai.

Honda mutum ne mai zafin rai. Ma'aikatansa sun ba da labarin tsawarsa, wani lokaci har da duka, idan ya ga aikin ganganci. Ƙa'idarsa ita ce injiniya ya je inda matsalar take, ya taɓa abin da hannunsa, ya yarda da abin da ya gani. Shi ma ya taɓa kafewa a kan kuskure. Ya dage cewa iska ta isa sanyaya injin mota, matasan injiniyoyinsa suka ce sai da ruwa, daga ƙarshe ya sakar musu. A 1973 ya yi ritaya tare da Fujisawa, kuma bai ɗora ɗansa a kujerar ba.

Gadon da ya iso Jibiya

Wannan ƙa'ida ce almajiransa suka bi a 1974, lokacin da suka zaga ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya da Pakistan. Sun tarar ana lafta wa babur mutum uku ko huɗu, ba a sauya baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a kai shi gareji sai ya tsaya cak. Sai suka ƙera CG125 a 1975, mai injin da ke jure sakaci, da soson tace iska da ake wankewa a mayar. Kamfanonin Sin da yawa sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa bakanike a Jibiya kan kwance babur mai wani suna daban ya tarar da tsarin da ya saba da shi. A 1979 kuma aka kafa kamfanin Honda a Najeriya, mai masana'anta a Ota da ke Jihar Ogun.

Soichiro Honda ya mutu ranar 5 ga Agusta, 1991, a Tokyo, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84. Kamfanin bai shirya masa gagarumar jana'iza ba, domin tun yana raye ya nuna bai dace mai ƙera mota ya haddasa cunkoso a titi saboda mutuwarsa ba.

A hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ƙura ce babbar abokiyar gabar ringi. Idan soson tace iska ya yage, ko aka cire shi gaba ɗaya, yashi kan shiga inji ya riƙa cin ringin a hankali, har wata safiya kiki ya tafi ƙasa babu turjiya. Wanke soson da sauya baƙin mai a kan lokaci sun fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da kwance inji.