Hurrem: Baiwar Da Ta Zama Matar Sarkin Santambul

A filinmu na Tarihin Magabata na wannan mako mun leƙa Turkiyya, zamanin Daular Usmaniyya. Kada ɗalibai su rikice, ba tamu ta Sakkwato muke nufi ba, waccan ce mai hedkwata a Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul.

An haifi Hurrem a farkon shekarun 1500 a wani yanki da yake cikin ƙasar Yukiren a yau. Tana yarinya mahara suka kama ta, aka sayar da ita, har ta faɗo gidan sarautar Usmaniyya a matsayin baiwa. A can ta musulunta, ta koyi Turkanci da karatu da rubutu da ladubban fada. Saboda fara'arta aka sa mata suna Hurrem, wato mai fara'a. Sarki Sulaiman ya hau gado a 1520, ya ɗauke ta ƙwarƙwara, a 1521 ta haifa masa ɗa, Muhammad.

A lokacin, gidan yana da tsauraran al'adu. Sarakuna sun daɗe da barin auren 'ya'ya, sai dai su ajiye ƙwaraƙwarai. Wadda duk ta haifi namiji, ta gama haihuwa ke nan. Idan yaron ya tasa aka ba shi lardi, sai uwar ta tattara ta bi shi. Dalili shi ne kada wata mace ta tara ƙarfi a fada.

Duk waɗannan al'adu a kan Hurrem suka karye. Bayan Muhammad ta haifi mace, Mihrima, da wasu maza, cikinsu har da Salim da Bayazid da Jihangir. Wajen 1534 Sarki ya 'yanta ta, ya aure ta da sadaki, abin da ya girgiza mutanen birni. Ba ta bi kowane ɗa lardi ba, ta zauna kusa da mijinta a fadar Topkapi. Idan ya tafi yaƙi, takan rubuta masa wasiƙu tana sanar da shi halin da birni ke ciki. Har Sarkin Polan ta aika wa wasiƙa.

Sai dai wannan ɗaukaka tana tafe da fargaba. Dokar gidan ta yarda sabon sarki ya kashe 'yan'uwansa maza don hana tawaye. Ga shi kuma Sulaiman yana da babban ɗa, Mustafa, da wata ƙwarƙwarar, Mahidebran, kuma sojoji suna ƙaunarsa. In Mustafa ya hau, 'ya'yan Hurrem suna bakin kabari. A 1553 Sarki ya sa aka shaƙe Mustafa bisa zargin shirin tawaye. Jama'a suka ɗora laifin a kan Hurrem da surukinta Rustam Fasha, mijin Mihrima, wanda shi ne babban waziri. Har yau masana tarihi suna muhawara kan girman hannunta a ciki.

Duk da haka ba ta tsirar da su duka ba. Muhammad ya rasu a 1543, Jihangir kuma a 1553. Bayan mutuwarta Salim da Bayazid suka gwabza yaƙi, Bayazid ya gudu Iran, a can aka kashe shi a 1561. Salim ne ya gāji mahaifinsu a 1566. Ɗansa Murad na uku shi ne wanda Mai Idris Alauma na Barno ya aika wa jakadu.

Inda muka fi so mu tsaya shi ne yadda ta yi da dukiyarta. A Istanbul ta sa shahararren magini Sinan ya gina masallaci, aka ƙara da makarantu da gidan ciyar da talakawa da asibiti. Unguwar har gobe Haseki ake ce mata, daga laƙabinta na sarauta. A 1552 ta kafa gidan ciyarwa a birnin Ƙudus, inda ɗaruruwan mabuƙata ke samun abinci kullum. Ta yi waƙafi a Makka da Madina ma. Ta rasu a 1558, aka binne ta a harabar masallacin Sulaimaniyya.

Mu a wannan kulob ba mu zama alƙalanta ba. Mun dai lura cewa sarautar da aka zubar da jini a kanta ta shuɗe tun 1922, amma gine-ginen da ta yi wa talakawa suna nan tsaye. Ga tambayarmu ga masu karatu: uwa da ta san ko dai ɗan kishiya ko nata, me ya kamata ta yi? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin Juma'a, za mu liƙa waɗanda suka fi ma'ana a fitowa ta gaba.